Dattijo Bitrus da Kafofin Madabod Ɗina

Daren Alhamis, Kafanchan

Yau Dattijo Bitrus na cocinmu ya kai ni bango. Wata uku na yi ina haɗa kwamfutar coci da hannuna don mu ɗauki waƙoƙin zumuntar mata. Madabod ɗin, wato babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kai, ni na zaɓo shi: ramin RAM huɗu, Wi-Fi a jikinsa, kafar USB goma a baya, ga sauti tas, ko numfashin mai waƙa ba ya ɓacewa.

Na shiga ɗakin ɗaukar sauti da yamma, na ga tebur wayam, babu kwamfutar. A ofishin Dattijon na same ta, a ƙasa, kusa da buhun citta. Ya cusa mata wayoyi bakwai yana caji, tasa da na ’yan kwamiti. Kafar USB biyu har sun karye.

Na ce, “Baba, wa ya ce a ɗauko ta?”

Ya ce, “Kayan Ubangiji ne, ’yata. Ramukan sun yi yawa, suna zaune a banza.”

A banza! Mama Saratu za ta zo daga Kagoro ran Asabar mu ɗauki waƙoƙinta, ga ciwo yana cin muryarta, ita kaɗai kuma ta riƙe tsofaffin waƙoƙin. Shi wayarsa ce ta dame shi.

Na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na rungumi kwamfutar na fita, ko sallama ban yi masa ba. Da na mayar da ita wurinta na kunna ta, ta tashi, sai na fashe da kuka.

Wai gobe zai kai ƙarata wurin Rabaran. Ya kai mana. Na canza kwaɗon ƙofar ɗakin ɗaukar sautin, makullin yana wuyana.