Shaidar Malam Buba na Rediyo

Birnin Kudu,
12 ga Maris, 1978.

Zuwa ga Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na masaƙa da 'yan ƙungiyarku baki ɗaya. Yaya zafin Kano? Yaya yatsan da ka ce ya gurɗe? Mu a nan makaranta lafiya ƙalau, sai zafi da shirin jarrabawa.

Bayan haka, takardarka ta iso ni ranar Alhamis, kuma sai da na karanta ta sannan abinci ya shiga cikina sosai. Alhamdu lillahi da manyan masaƙa ba su sallame ka ba, kuma mai horar da ku ya ce har gobe kai ne mai tsaron gidansu. Na gane bayanin da ka yi, cewa ka fito ka tari ƙwallon, ta dira a kan wani tudu a gaban raga, ta yi tsalle ta wuce ta saman kafaɗarka. Ko ba ka rantse ba na yarda. Ni da na sha ganin ka kana faɗawa kan tsakuwa a filin firamaren Fagam don kada ƙwallon tsumma ta wuce ka, ba wanda zai ce mini ka bar ta da gangan.

Ka tambaye ni ko na ji maganar da kunnena. Na ji. Duk Lahadi bayan la'asar nakan je gidan Malama Kubra, mai koya mana tarihi, in yi mata guga, ita kuma ta bar mini rediyonta a kunne a kan shirin sharhin wasanni. Ina cikin guga Malam Buba ya ce mai tsaron gidan masaƙa ya sayar da wasan Gusau, ya kuma faɗi sunanka da na garinmu. Ban san na bar dutsen gugar a kan ɗankwalin Malama ba sai da na ji ƙauri. Ba ta yi mini faɗa ba, ruwa ma ta ba ni.

Yaya, dama ni tuntuni mutumin nan bai kwanta mini ba, ban dai taɓa gaya wa kowa ba ne. Yana da daɗin murya, ya iya kirari, 'yan ajinmu har kwaikwayonsa suke yi a ɗakin kwana. Amma ka saurare shi da kyau, ba zai taɓa gaya maka yadda ƙwallo ta bar ƙafar wane ta je ƙafar wane ba. In ƙungiya ta ci, sai ya ce sun yi zuciya. In an ci ta, to ko an saye su ko an yi musu asiri. Abokin shirinsa Badaru, wanda ya taɓa buga ƙwallo da, shi ne nawa. Yana magana a hankali har 'yan mata na cewa barci yake sa su, amma in ya yi bayani sai in ga filin a gabana, ni da ban taɓa shiga babban fili ba. In bai san abu ba kuma yakan ce bai sani ba. Ranar da aka yi maganarka ba ya nan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kawu Sabo ya zo ranar ziyara, ya ce maganar ta kai ga Baba, kuma a ƙofar masallaci aka gaya masa, gaban mutane. Tambaya ɗaya Baba ya yi, wai rediyo ne ya faɗa? Aka ce shi ne. Ka san mutanenmu, akwatin da ke sanar da ganin wata da sauyin gwamnati ba sa tsammanin zai faɗi abin da ba haka ba. Baba ya ce wanda ya ci amanar masu ba shi abinci kada ya taka masa zaure. Inna kuwa kai ne ɗan farinta, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta tsaya roƙa maka a gaban Baba. Kawu ya ce ta rame.

Don Allah kada ka zo gida tukuna. Ƙarshen wata za a ba mu hutu. Ban san abin da zan iya yi ba, don ka san ban taɓa wuce gaisuwa a gaban Baba ba, amma ina addu'a.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka,
Safiyatu Abdulsalami.

Fagam,
10 ga Afrilu, 1978.

Yaya Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, da aiki da wasa duka. Gida kowa lafiya, mangwaron bayan gida ya fara nuna. Ka zauna sosai kafin ka karanta, labari ne mai daɗi.

Da na iso na tarar da gida shiru. Baba yana ba manyan ɗalibansa karatu a zaure kamar kullum, amma ya daina tsayawa hira bayan sallah. Na roƙi Inna ta yi masa magana, ta ce in rufa mata asiri, ina aka taɓa yin haka. Na yi kwanaki ina haɗa magana a zuciyata, in na kai masa ruwan alwala sai in ajiye butar in gudu. Ranar Juma'a dai na durƙusa na ƙi tashi. Ya tambaye ni ko lafiya. Kaina a sunkuye na ce masa shirin da aka yi maganarka a ciki ba labarai ba ne, hira ce ta mutum biyu, kowa na faɗin ra'ayinsa, har gardama suke yi. Ya ce ni yaya aka yi na sani? Na ce ina saurara duk mako. Na zaci korata zai yi. Sai ya ce ashe abin da ake koya mana ke nan a Birnin Kudu. Can ya ce in gaya wa Kawu Sabo ya kawo akwatinsa ranar Lahadi, yana so ya ji mai shaidar da kunnensa.

Jiya bayan la'asar Kawu ya zo da rediyon a naɗe cikin tawul, da sababbin batura. Zaure ya cika, har da liman da waɗanda suka kai wa Baba maganar tun farko. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, Inna kuma ta kawo tsintar wake kusa da ni, wai a nan ne iska take.

Tsorona shi ne kada Malam Buba ya sake maimaita maganar. Ashe ya manta da kai sarai, ko sau ɗaya ba a ambace ka ba. Wani wasa da aka yi a Jos suka ɗauka. Malam Buba ya fara kirari, ya ce 'yan bayan ƙungiyar da aka ci duk ragwaye ne, alƙalin wasan kuma an san abin da ya shiga aljihunsa. Har na ji wasu a zaure suna cewa lallai mutumin nan ya san ƙwallo. Sai Badaru ya ce shi yana filin, kuma ruwan da aka yi da safe ne ya sa ƙasa santsi, ya bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda kowa yake tsaye. Sannan cikin ladabi ya tambayi Malam Buba ko ya je Jos ɗin. Malam Buba ya yi dariya ya ce shi ba sai ya je fili ba, ƙwallo a jininsa take, kuma yana da masu kawo masa labari a kowace tasha.

Nan Baba ya ce a rage murya. Ya tambayi Kawu ko wannan shi ne mutumin da ya yi magana a kanka. Kawu ya ce shi ne. Baba ya ce to wasan Gusau fa, ya je? Ba wanda ya sani. Ni na sani, sai Inna ta zungure ni da gwiwar hannu ba tare da ta dube ni ba. Daga bayan ƙofa na ce ranar Asabar ɗin da kuka yi wasa a Gusau, a daidai lokacin, Malam Buba yana Kano yana karanta katunan gaishe-gaishe, har yana faɗin ƙarfe nawa. Kawu Sabo ya buga cinya ya ce wallahi haka ne, ai ranar ce aka karanta katinsa, ya gai da surukansa na Dingaya, duk kasuwa ta ji. Mutane suka fashe da dariya, liman ya ce ashe Sabo da shaidar a hannunsa yake yawo yana neman ta kawai bai sani ba. Kawu ya ce shi ina ruwansa da Gusau, sunansa kawai yake jira ya ji.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya wajen ɗalibansa kamar yana ba da karatu, ya tambaye su hukuncin wanda ya zargi Musulmi da cin amana alhali bai gani ba, bai kuma faɗi wanda ya gani ba. Suka ce ba a karɓar shaidarsa. Sai ya faɗi abin da ba zan manta ba, na rubuta maka shi yadda ya fito daga bakinsa:

"To ni na karɓa. Shekara da shekaru ina koya muku wannan babi, da aka zo kan ɗana ban tambayi komai ba sai ko akwati ne ya faɗa. Ku shaida na janye abin da na ce."

Yaya, Inna ta kwashi wakenta ta shige ɗaki da sauri, na bi ta na tarar tana kuka, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Da aka kai tuwo ta ci ta ƙara.

Abin da ya ba ni mamaki, Baba bai sa an kashe rediyon ba. Ya saurari Badaru har ƙarshe, ya ce wancan mai sanyin muryar ya san ladabin magana, don yana raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Na ji daɗi ƙwarai, kamar ni aka yaba.

Yanzu sai ka yi barci da kyau. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, amma ta ɗaure kuka da daddawa ta ajiye a kan akwatina ba ta ce na wane ne ba. Zan ba direban motar Gwaram tare da takardar nan.

Wassalam. Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Safiyatu.

Fagam,
17 ga Afrilu, 1978.

Yaya Ƙasimu,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan saƙon ya isa kuma kana lafiya. Mu ma lafiya lau. Wannan gajeruwa ce, don direba yana jira a bakin kasuwa.

Amsarka ta zo, na karanta wa Baba inda ka ce za ka taho ƙarshen wata ka durƙusa a gabansa. Ya ce a'a. Ya ce ya janye hukuncinsa ne don shaidar ta faɗi, amma har yanzu shi bai san wace irin sana'a ce wannan da kake yi ba, kuma ya gaji da ji a bakin mutane. Shi ne zai zo. Ya tambaye ni yaushe ne wasanku na gaba a Kano, na ce Asabar mai zuwa. Shi da Kawu Sabo za su shiga motar safe ranar Juma'a, su yi sallah a birni, su kwana gidan Alhaji Balarabe, tsohon ɗalibinsa. Ka je ka tarye su a tasha, kada ka bari su yi ta neman hanya.

Jiya ma an kawo rediyo zaure. Malam Buba ya ce ƙungiyarku ba za ta kai labari ba ranar Asabar, Baba ya ce to madalla, tunda shi ya faɗa akwai alamar nasara. Ban taɓa jin Baba ya yi ba'a ba sai jiya. Bayan an watse ya kira ni ya sa na zana masa fili a ƙasa da tsinke, na nuna masa inda kake tsayawa da abin da ya halatta ka taɓa da hannu. Ya ce ashe aikin gadi kake yi. Na ce kusan haka ne. Ya ce gadi amana ce, sana'a ce mai kyau.

Na so ƙwarai a tafi da ni, amma ban iya tambaya ba, kuma hutu ya kusa ƙarewa. Zan saurara a gidan Malama Kubra. Allah ya sa Badaru ne zai je filin.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Da nake yi wa Baba bayani na faɗa masa komai, ban da kayan da kuke sawa. Na kasa. Shi a zatonsa da riga da wando kuke yi kamar kowa. Ka tuna yadda yake korar manyan samari daga karatu in gwiwarsu a waje take. Na taɓa jin Badaru ya ce doka ta yarda mai tsaron gida ya sa dogon wando saboda faɗuwa. Don girman Allah, Yaya, ko aro ne ka nemo kafin Asabar. Sauran 'yan wasan ba 'ya'yansa ba ne, zai kau da kai. Kai zai zo kallo.

Allah ya ba ku sa'a, ya tsare hannunka.

Ni ce ƙanwarka,
Safiyatu.