Dawo da Takalman Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Hamma Sanda.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace ƙanwa ta yi wa yayanta, ina fatan kana lafiya, da kai da iyalinka da cinikin motocinka a Kwatano. Ka san ba al'adata ba ce in baje zancen gida a gaban jama'a. Amma ka daina ɗaga wayata, saƙona kuma kana buɗewa ka wuce. Don haka na zo inda na tabbata kana leƙawa safe da yamma, wato ƙarƙashin bidiyon nan da ka ɗora, wanda ka goyi Inna daga ɗaki zuwa mota.

Bidiyon ya yi kyau, ban ƙi ba. Shaddarka ta sha guga, ka sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Na ga masu cewa Allah ya ba su ɗa irinka, har da wata da ta ce ta yi kuka. To, ka bari su ji abin da wayarka ba ta ɗauka ba: a ranar da ka goyi Inna, tana iya tafiya da ƙafafunta.

Kai ka fi kowa sanin ƙafafun nan. Su suka riƙa kai ƙwaryar nono daga rugarmu ta bayan Illo zuwa kasuwar Lolo, mu biyu muna bin ta a guje. Inna ba ta jiran kowa a hanya. In na gaji kai kake goyona, kana ce mini buhun gero, kana barazanar za ka sayar da ni in mun isa. Da wannan tafiyar aka yi maka guzurin zuwa Kwatano.

Da ciwon suga ya daɗe a jikinta sai ya sauka ƙafa. Tafin ya riƙa yi mata zafi da suka kamar ana caka allura, wasu yatsun kuma ko ka mintsine su ba ta ji. Takan ce mini, "Hajo, bisa garwashi nika tahiya." Ranar da ta yi tuntuɓe a bakin rijiya ta faɗi, ba ta ji ciwon kirki ba, amma tsoro ya shige ta. Ta daina zuwa rijiya, ta daina leƙa garke, daga baya ko alwala sai an kai mata buta bakin gado. Ta sa a ranta cewa kowane taku ƙara lalata ƙafar yake yi.

Da na gaya maka a waya, murna na ji a muryarka, wallahi. Ka ce dama lokaci ya yi da za ka hutar da ita, kada a ce uwar Alhaji Sanda tana yawo da ƙwarya a ka. Ka sa aka sayar da shanunta biyu da suka rage. Ka aiko da keken marasa lafiya mai sheƙi, aka sauke shi a ƙofar gida da rana tsaka don maƙwabta su gani. Inna ta zauna a kai, ƙwaurinta ya fara tsotsewa, suga ya ƙi sauka, barci ya ƙaurace mata.

Ni na kai ta asibiti a Birnin Kebbi, kai kana can kana amsa addu'o'i. Likita ya duba ƙafar ciki da bai, ya ce babu rauni ko ɗaya, ya tura mu sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Matar da muka samu a can ba ta yi wa Inna ƙarya ba. Ta ce zafin na gaske ne, jijiyoyi ne suka taɓu, amma tafiya a hankali ba ta ƙara ɓata su, zaman ne yake cinye mata ƙarfi. Ta tambaye ta abin da ta fi kewa. Na zaci za ta ce kasuwa. Sai ta ce sallah a tsaye, don tun tana yarinya ba ta taɓa gaida Ubangijinta a zaune ba.

Daga nan aka ɗora komai. Ta riƙa tashi daga kujera tana komawa, ina riƙe da hannunta. Ta riƙa bin bango zuwa ƙofar ɗaki. Aka sa mu sayi takalma rufaffu masu laushin ciki, aka gargaɗe ta kada ta kuskura ta taka ƙasa babu su, don ƙaya za ta iya shiga ba ta ji ba. Kowace yamma ina wanke mata ƙafa, in duba tsakanin yatsu. Ta zage ni, ta ce ni muguwar ɗiya ce, ta yi kuka, ni ma na koma bayan ɗaki na yi nawa. Amma kafin damina ta kama, Inna ta kai bakin rijiyar da ta kayar da ita, ta tsaya tana hararar wurin. Ranar da ta yi Magariba a tsaye, da ta sallame sai ta juyo ta ce, "Ashe dai tsoro na, ba ƙahwa ba."

Na so in ba ka labari, ta hana ni. Ta ce ka kashe kuɗi a kan keke, kada ka ji kamar an raina kyautarka.

Sai ka zo Babbar Sallah. Tana tsakar gida tana watsa wa kaji dawa ta ji hon ɗin motarka. Hamma, da idona na ga uwarmu tana sauri, irin saurin hanyar Lolo, ta shige ɗaki ta faɗa cikin keken nan ta ja zane ta rufe ƙafafunta. Ta yi haka ne don kada ɗanta ya ji kunya. Kai kuwa ka shigo ka miƙa wa direbanka waya, ka durƙusa ka goye ta zuwa mota.

Washegari ka ga takalman a ƙarƙashin gado, ka tambaya, na faɗa maka gaskiya. Ban manta yadda ka dube ni ba. Ka ce ina wahalar da tsohuwa don na gaji da jinyarta. Sannan ka zauna kusa da ita, ka buɗe wayarka, ka nuna mata hoton maƙwabcinka na Kwatano da aka yanke wa ƙafa, ka ce shi ma yawo ya ja masa. Ba ka gaya mata abin da ka taɓa gaya mini ba, cewa ƙusa ya taka, ya ɓoye raunin har ya ruɓe. Ka matso da hoton dab da fuskarta, ka buɗa shi da yatsu biyu don ta ga dungulmin da kyau. Da za ka tafi ka jefa takalman a but ɗin motarka, ka tsallaka iyaka da su.

Na sayo wasu a Lolo, iri ɗaya. Ta ƙi ko kallonsu. Ta ce Sanda ya ga duniya, ya san abin da ya gani. Abin da muka gina daga rani zuwa damina ka rushe shi da hoto ɗaya, ko shayin da na dafa maka bai huce ba. Yanzu Inna ba ta iya tashi daga gado sai mun kama ta mu biyu, ni da wata maƙwabciya. Tana sallah a zaune, wani lokaci a kishingiɗe. Ta zama daidai matar da ka nuna wa duniya, sai ka yi murna, bidiyonka ya zama gaskiya.

Na ji haushinka har na daina ambaton sunanka a gidan. Amma na san kana sonta. Na san kai ne yaron da yake tsayawa a hanyar Lolo yana cire mata ƙaya da allurar hula, yana cewa in ya girma ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Ka cika alkawarin, Hamma, ka cika shi har ya wuce wuri. Ba hutu take nema ba, so take ta tsaya a gaban Allah.

Matar asibiti ta ce har yanzu da sauran dama in aka sake farawa, amma kowane wata da ya wuce yana rage ta. Maganata ba ta shiga kunnen Inna kuma, taka ce kawai take shiga. Kada ka turo kuɗi, kada ka turo direba. Ka buɗe but ɗinka, ka ɗauko takalman, ka zo ka durƙusa ka sa mata da hannunka, ka ce mata ta tashi. In kana so a ɗauka a waya, ni zan riƙe maka.

In kuma ka ga ba ka da lokaci, babu komai. Za ka sake samun damar ɗaukarta a kafaɗa, jama'a suna kallo. Sai dai ranar ba kai kaɗai ba ne, ku huɗu ne, kuma ba mota za ku kai ta ba.

Allah ya nisanta wannan rana. Allah ya tashi kafaɗun Inna, ya cire mata tsoro, ya nuna mana ita a tsaye kan dardumarta. Kai kuma Allah ya tausasa zuciyarka, ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka, buhun geronka,
Hajo, daga Illo.