Masarar da na kasa ci a gabanka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa, Dogona,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ganyen gonarka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san daga firamare na ajiye littafi. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyaga su. Bakina ya ƙi yi mini aiki a gabanka, shi ya sa na ɗora wa hannu.

Yau kwana tara ba ka bi ta ƙofarmu ba. Na san dalili, kuma laifina ne.

Ka tuna ranar da ka kai mu gidan abincin Gwaggo, ni da Yaya? Tebur biyar, taga ɗaya, da allon nan na jikin bango inda take rubuta abin da gonaki da kogi suka kawo mata da safe. Ba ta dafa komai sai shi. Wanda ya nemi abin da ba lokacinsa ba, sai ta ce ya je ya kai ƙarar damina. Ranar ta rubuta kifi, ta rubuta tumatir da ganye, can sama kuma da manyan baƙaƙe ta sa: masarar Dogo. Shukarka ta farko, a ɗan filin da babanka ya yanka maka ya ce ka gwada hannunka! Wata uku kana cire ciyawa kana korar tsuntsaye. Na ga yadda ka tsaya kana kallon allon, fuskarka kamar hantsi bayan ruwa.

Aka kawo faranti, masara uku suna tururi, man shanu yana narkewa a kansu. Wayyo ni! Ta yaya zan kama masara da hannu biyu in gatsa, mai yana bin haɓata, ƙwaya ta maƙale mini a haƙori, kai kuma ga ka a gabana ka zuba mini ido? Sai na riƙa tsakurar kifi kamar tsuntsuwa. Yaya ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ta ce, "Ke, ci mana, ba gadi aka kawo ki ba." Gwaggo ta zo da tsumma a kafaɗa, ta dubi farantin, ta ce, "'Yar nan, masarar ce ba ta yi miki ba, ko mai masarar?" Har mutanen teburin baya suka yi dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na ƙoshi."

Ƙarya na yi, hasken zuciyata. Ko karin kumallo ban yi ba ranar, don ɗoki. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ba komai, wataƙila ta yi tauri." Wannan maganar ta fi mari zafi, don na ga ka yarda da ita.

Ga abin da ba ka sani ba. Gwaggo ta naɗe mini masarar a takarda. Ina isa gida na shige bayan ƙofa na cinye duka ukun a tsaye, sun huce, ban bar ko ƙwaya ɗaya ba. Wane tauri? Laushi kamar madara, zaƙi kamar an ɗiga zuma! Ina ci ina tunanin kowace ƙwaya ta san tafin hannunka. Yaya ta kama ni da totuwa a hannu, ta ce, "Sannu da ƙoshi." Har yau ba ta bar ni na huta ba.

Jiya aka aike ni kasuwa, na leƙa ta tagar Gwaggo. Sunanka yana nan, amma ta ce saura mako guda masarar ta bushe, daga nan za ta sa tsumma ta goge, sai kuma baɗi. Na taho ina ta tunani a hanya. Ashe magana ma haka take? In ba a faɗe ta tana ɗanya ba, sai ta bushe a baki, ta gagari tauna? To, ga tawa tun tana ɗanya: ina son ka. Na rubuta, kuma wannan takardar ba zan yaga ba.

Don Allah ka sake kai mu kafin a goge allon. Yaya ta yarda za ta raka ni ranar Asabar da azahar. Da na so in roƙe ka ka riƙa kallon taga har in gama, sai na ga hakan ma gudu ne. Ka kalle ni. Zan kama da hannu biyu, in ci a gabanka da gaban Gwaggo da mutanen teburin baya. In mai ya zubo mini, ka yi dariya kaɗan kawai, kada ka yi da yawa.

Taka, damina da rani, ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba,

Mai kunyar nan taka.