Inna, Ashe Ruwa Yana Tafiya Gabas

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya kai haske makwancinki, na zo miki da wata magana da na kasa riƙewa.

Kin tuna duk shekara, ranar da kogin Nilu ya fara yin ja da damina, sai ki rufe teburin kayan yajinki a Kasuwar Umdurman tun kafin la'asar, ki tasa mu gaba zuwa bakin kogi. Ki ɗebi ruwa a ƙwarya, ki wanke mana fuska, ki ce, "Ruwan gida ya iso, ku gaishe shi." Gidan da kike nufi ƙasar Hausa ce, inda kakarki ta taso da ƙafa za ta Makka, tafiya ta tsaya mata a nan. Ke kanki ba ki taɓa ganin ƙasar ba.

Shekarar da na shiga sakandare na zo bakin kogin da taswira a jaka. A gaban ƙanwar Baba, Goggo Asabe, na buɗe ta na nuna miki cewa wannan jan ruwa daga duwatsun Habasha yake gangarowa, gabas da mu, gida kuwa yana can yamma. Goggo ta tuntsire da dariya ta ce, "Rakiya, yau ƴar boko ta kwance miki zani a kasuwa." Ke dai cewa kika yi, "To, Malama, mun ji."

Daga shekarar nan ke kaɗai kike zuwa. Ba ki sake kiran kowa ba, ni kuwa a lokacin har daɗi na ji.

Inna, yanzu na zama malamar da kika kira ni. Makon jiya ina shirya wa ɗalibaina darasin ruwan sama, na ci karo da aikin masu binciken da ke bin sawun tururin ruwa a sararin sama, kamar yadda makiyayi ke bin sawun dabba. Tambayarsu ita ce wadda ban taɓa yi ba: ruwan da ke zuba a Habasha, shi daga ina yake? Sun gano wani sashe nasa daga yamma yake tasowa, daga teku da dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka. Itace yana zuƙo ruwa daga ƙasa ya fitar da shi ta ganye, iska ta kwasa ta yi gabas. A hanya ya zuba, wasu itatuwan su sake ɗaga shi, zango bayan zango, har duwatsu su tare shi. Daga nan ya gangaro mana a kogi.

Ba su gama yarda da juna kan yawansa ba, domin akwai wanda ke zuwa daga wasu tekunan. Amma suna fargabar sare daji a can zai iya rage ruwa a nan. Tun ranar nake ta tambayar kaina: kwana nawa yake yi a hanya? Yana bi ta kan garin kakarki? Ke kuma wa ya gaya miki, ko zuciyarki ce kawai ta ba ki?

Taswirata ba ta yi ƙarya ba, Inna. Abin da ke ƙasa kaɗai ta zana, ni kuma na ɗauka shi ke nan.

Jiya na hau bas zuwa unguwar Hajj Yusuf wurin Goggo Asabe, don ita kaɗai ta rage cikin manyan da suka ji ni ranar taswirar. Ta saurare ni har ƙarshe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ya binti, ƴata, ai ba ni za ki gaya wa ba."

Shi ya sa na rubuto. Na kunyata ki a gaban mutane da ilimin da bai kai ba. Ki yafe mini, Innata.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ni kuma ya ba ni ikon cewa "ban sani ba" a gaban yaran da ya damƙa mini.

Ƴarki mai kewarki,
Sa'adiya
Umdurman