Ɗana Ya Ƙwace Makullin Motata Saboda Kukan Birki

Mai Shawara, don Allah ka shiga tsakanina da ɗan da na haifa, kafin bakina ya furta abin da ba ya komawa. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta maka, na kuwa gargaɗe ta kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Direbobin zamanina duk na san su, na san motar kowa da irin kukanta, na san kwanar da ta ci wane da gangaren da ya kayar da wane. Yau saura mu biyu, ni da maigidana da ya koya mini tuƙi, shi kuma yana kwance, ƙafa ta ƙi. Da 'yar ƙaramar motata nake zuwa in zauna masa mu tuna waɗanda suka riga mu.

Kwanakin baya motar ta fara kuka in na taka birki. Da farko siririyar ƙara ce kamar ta ɗan tsako, ban kula ta ba. Daga baya ta koma gurza a tayar gaba ta hagu, kamar ana niƙa tsakuwa, har a tafin ƙafa nake jin ta. Babban ɗana, ɗan zaman ofis, wanda ko tayar keke bai taɓa liƙewa ba, ya ce wai a kai gareji. Wane gareji? Wurin yaran nan masu waya a hannu ɗaya, sifana a ɗaya? Ba su san gyara ba, sai cire ka yar, sa sabo. Mu da hannunmu muke buga wa takalmin birki fata da ƙusa a gefen hanya, kaya na kan mota, rana na dukan ƙeya.

Abin da aka koya mana shi ne, ƙarfe ba ya kuka sai in mai yake so. Sai na ɗaga motar da jak, na cire tayar, na shafa wa faifan birkin giris. Kuka ya ɗauke ɗif. Da na zagaya na dawo gida na taka, motar ta ɗan ja dama, ta wuce inda na ce ta tsaya, ta gaisa da ƙyauren gida. Ƙyauren ma dama ruɓaɓɓe ne.

A kan wannan ɗan abu yaron nan ya zare makulli daga aljihun rigata, a gaban matarsa, ya jefa a nasa. Yaron da na koya wa ɗaure wando! Ya ce ba zan ƙara ganin makullin ba sai bakanike ya duba. Ka gaya masa a jaridarka, tunda maganar takarda kaɗai yake ji, cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Tsohon Direba

Baba, na karanta, kuma zan fara da inda kake da gaskiya. Sa hannu a aljihun uba a gaban suruka rashin ta ido ne, ko da me ya faru. Ɗanka ya san ɗakinka, can ya kamata ya same ka. Haka kuma ban musa maka ba, akwai bakaniken da bai san komai ba sai sayar da kaya.

Amma giris a faifan birki, Baba? Ko sabon yaron mota ya yi wannan, da ka kore shi daga tasha. Birki da kamu yake aiki, kai kuwa ka ba shi santsi. Ba ka warkar da kukan ba, bakin mai kukan ka toshe. Shi ya sa ta ja dama: tayar dama ta kama, ta hagu ta zame. Ƙyaure ne ya tare ka. Da mai tsallaka titi ne, da ba wannan wasiƙar kake aiko mini ba.

Siririyar ƙarar da ka raina, wani ɗan ƙarfe ne da ake sa wa takalmin birkin irin waɗannan motoci don ya yi ƙara in fata ta kusa ƙarewa. Gurzar da ta biyo baya, fatar ta cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Da tsakuwa ce ta maƙale, da kana jin ƙarar ko ba ka taka ba. Da tsatsar kwanan ruwa ce, da ta ɗauke bayan taku biyu-uku. Ƙarar motarka ba ta cikin waɗannan.

Kada motar ta motsa daga inda take. A kira bakanike gida. A zubar da takalman da suka sha giris, ba sa wankuwa, a sa sababbi a tayoyin gaba duka biyu, ba ɗaya ba. A wanke faifan da ruwan wankin birki, ka bi shi da farce. In ya yi kwari mai zurfi, a sake shi. Tunda gefe ɗaya ne ya cinye, a duba abin da ke matse takalmin ko ya ƙage. Sandunan da yake zamewa a kansu, su ne kaɗai ke son giris. A duba man birki.

Ka ja kujera ka zauna a kan bakaniken, ka sa ido, in ya yi ha'inci kai za ka fara gani. In an gama, ka gwada ta a hankali a fili, ɗanka na gefenka.

Kai kuma ɗan Baba, tunda an ce takarda kake ji: ran da aka gama, ka miƙa masa makullinsa da hannu biyu, a gaban matarka, yadda ka ƙwace shi a gabanta, ka ba shi haƙuri. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa ku daidaita.