Abin da Auta Ya Faɗa a Talabijin

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kunnen? Ina fatan kina ɗiga maganin da likita ya rubuta, ba ki tura shi ƙarƙashin matashi yadda kika saba ba. Mu nan lafiya lau. Takwararki ta fara famfarar haƙori, tana gaishe ki da wawulonta.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya rabin maganata kike ji, rabin da kika ji kuma sai ki rufe shi da "a yi haƙuri". Takarda ba a katse ta.

Saƙonki ya iso, cewa maƙwabta sun cika miki ɗaki kallon Auta, kun yi guɗa da ya ci maki talatin da huɗu. Ni ma na yi murna, ƙanena ne, a bayana ya girma. Tun da aka fara kakar ƙwallon kwandon nan babu sabon shigan da ake zancensa kamarsa, 'yan kallo har sun raɗa masa Walƙiya. Amma Inna, an cinye su a wasan nan, kamar yadda ake ta cinye su tun farkon kaka. Ƙungiyar tana can gindin tebur. Kuma na tabbata kun kashe talabijin kafin a yi hira da shi, don da kin ji da ba ki aiko min da guɗa ba.

Ɗan jarida ya tambaye shi me ya sa yake haskawa amma ƙungiya tana faɗuwa. Sai ɗanki ya goge gumi ya ce, "Ni na yi nawa. Amma mutum ba ya gudu da tsofaffi goye a bayansa." Tsoho ɗaya ne a ƙungiyar nan, kowa ya san shi. Mijina ne, Kyaftin. Yana zaune a bayansa a kan benci a lokacin, an ɗaure masa ƙanƙara a gwiwoyi biyu, kyamara tana nuna su tare.

Bari in tuna miki, tunda ɗanki ya manta. Wa ya yi ta sintiri ofishin koci har aka yarda a gwada Auta? Wa ya kira kafinta ya ƙara wa gadon ɗakin baƙi tsawo saboda ƙafafun Auta suna reto a waje? A cikin fili ma, ke ba ki san wasan ba, ƙwallo kawai kike gani tana faɗawa raga. Kafin Auta ya samu sararin jefawa, Kyaftin ne yake tsayawa kamar bango ya tare mai tsaronsa, shi ake bangaza, shi ake nausa a haƙarƙari. Ni nake gasa wurin da ruwan zafi, na san launin kowane tabo.

Ranar hirar Auta bai dawo gida ba. Washegari dillalinsa mai kula da kwantiraginsa, wani mai tabarau da turare kamar an ɓarar, ya turo mota aka kwashe kayansa, wai sun kama masa gida kusa da filin atisaye. Ko sallama. Halin kaza, ci ki goge baki.

Ki kira shi, Inna. Ke kaɗai yake ɗaga wa waya yanzu.

Ki gaishe da Gwaggo da mutanen gida.

Taki,
Babba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fatan ciwon bayan da kika ambata ya lafa. Direba ya kawo amsarki, na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna na sake karantawa ko zan ga abin da na tsallake. Ban tsallake komai ba. Yaro ne. 'Yan jarida ne suka juya magana. Ke ce babba, ki yi haƙuri.

Inna, yaron da ya isa sa hannu a kwantiragi ya isa sanin abin da ke fita daga bakinsa. Babu wanda ya juya komai, da kunnena na ji. Tun ina ƙarama nake shan wannan "ke ce babba". Ya fasa kofi, ke ce babba. Ya yaga min littafi, ke ce babba. Yanzu ya yaga min miji a gaban duniya, har yau ni ce babba.

Ki ji abin da maganar yaron ta haifa. Magana zarar bunu ce. A wasan gida na makon jiya wani ya shigo da sandar dogarawa, duk lokacin da Kyaftin ya taɓa ƙwallo sai ya ɗaga ta sama, layinsu gaba ɗaya su ɗauki "Tsoho! Tsoho!" Mutanen da ya yi shekaru yana karya jikinsa dominsu. Ina zaune da takwararki, ta juyo ta tambaye ni da wa suke. A makaranta kuma an riga an gaya mata. Ta dawo ta ce ba za ta ƙara sa rigar mai lambar babanta ba.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, a gidana yake. Kyaftin bai yi fushi ba. Na jira ya yi, na ba shi dama, na zuga shi ma, Allah ya yafe min. Sai ya ce wai yaron bai yi ƙarya duka ba, ƙafarsa ta yi nauyi, ya sani tun bara. Na ce ko gaskiya ce, a bakin Auta ya kamata ta fito? Ya ce in bar zancen, in miƙo masa man shafawa.

A wasan nan dai, wani ƙato na ɗaya ƙungiyar ya kai wa Auta gwiwar hannu a baki yana sama, ya faɗo da baya. Sauran 'yan wasanmu suka tsaya kallo, don babu mai ƙaunarsa a cikinsu yanzu. Wa ya taso ya ci kwalar ƙaton? Tsohon. Alƙali ya kore shi daga fili, an kuma dakatar da shi wasa na gaba. Masu sandar dogarawar nan suka raka shi da ihu har ƙofa. Auta ya miƙe, ya tofar da jini, ya jefa ƙwallaye biyun da alƙali ya ba shi, bai ko waiwaya ba. Aka sake cinye mu.

Na tare Auta a wurin ajiye motoci. Ya fito da abin jin kiɗa a kunne, ya cire ɗaya kawai, ɗaya, Inna, kamar mai sauraron talla. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Yaya, nan aiki ne, ba gida ba." Dillalin ya buɗe masa ƙofa, suka bar ni da hayaƙi.

Kin ce kin yi masa faɗa. Na san faɗanki da Auta, yana ƙarewa ne da tambayar ko ya ci abinci.

Allah ya ƙara miki lafiya. Kada ki ga zafin alƙalamin, ba ke nake wa rashin kunya ba.

'Yarki,
Babba

Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa.

Sun sallami Kyaftin.

A waya muka gani. Ina wanke kwanuka, maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ta ce min sannu, na ce sannu da me, ta nuna min. Shi kuwa yana ɗaki yana ɗaura takalmin tafiya atisaye. Sai bayan labari ya gama gari manaja ya kira ya ce ƙungiya za ta sake gini a kan matasa, suna godiya da hidimarsa. Ya je ya kwaso kayan durowarsa a leda, irin ta shara. Mutumin da hotonsa yake manne a ƙofar shiga.

Matar mai kula da rigunan 'yan wasa ƙawata ce, ita ta ba ni sauran. Kafin su yanke hukunci sun zaunar da Auta a ofis. Shi ne ƙwan ƙungiya yanzu, ba sa son ɓacin ransa. Suka ce masa sun san Kyaftin mijin yayarsa ne, in yana so a bar shi ya ƙarasa kaka ko a benci ne, za a bar shi. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa. Ya dubi dillalinsa, ya ce shi ɗan wasa ne, ba ruwansa da harkar ofis.

Waccan maganar ta talabijin, a ce zafin wasa ne, a ce ƙuruciya. Wannan fa? A zaune yake, a cikin sanyi, an ba shi ruwa. Ki gaya min sunan wannan, ke da kika haife mu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Wasansu na farko bayan sallamar Kyaftin, na zauna gaban talabijin ina roƙon Allah a zuciyata a lallasa su. Suka ci, Inna. Yaron da aka sa a gurbinsa gudu yake kamar barewa, Auta ya ci maki arba'in. Da aka busa tashi, mijina ya yi tsalle daga kujera da gwiwar tasa yana tafi, yana cewa yaran nan sun yi, sun yi. Na shige kicin na rufe ƙofa. Ban san wa zan fi jin haushi ba, ɗanki, ko mijina, ko ƙwallon da ta ƙi yin ƙarya don ni.

Wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na ƙasa ta neme shi, ya yi wasa ya kuma taya koci. Garin da nisa. Zan bar aikina na shagon magani, takwararki za ta sauya makaranta a tsakiyar zango. Shi ya ce alheri ne. Komai a wurinsa alheri ne.

Na ji Auta zai sauya miki gida. Ki karɓa, haƙƙinki ne, kin sha wuyarsa. Amma kada ki aiko a kira ni taya murna.

Ki sa mu a addu'a.

Babba

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggo. Yaya kunnen? Mun sauka lafiya. Gidan ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki, ƙarar keke ce take tashe mu. Takwararki ta yi ƙawa tun ranar farko, haƙoran sun fara leƙowa.

Na san kin san Auta ya zo, don ke kika turo shi. Ranar da muke kwashe kaya, ina tsakiyar falo cikin kwalaye, sai ga shi a ƙofa da hula ya rufe rabin fuska, ba dillali. Takwararki ta ruga ta ɗafe shi. Kyaftin ya ce masa shigo mana, kamar jiya suka rabu. Auta ya tsaya yana murza hannu, ya ce ya zo ne mu yi magana.

Na nuna masa firji. Na'urar hawa ta benen ta lalace, mu kuma a can sama muke. Kyaftin ya ce haba, yaron yana da wasa gobe, in bayansa ya riƙe fa? Na ce ai nan gida ne, ba aiki ba. Auta ya cire hular ya kama. Shi da direban motar kaya suka sauke shi, yana nishi, ya ƙuje hannu a bango. Ya hawo, na nuna masa injin wanki. Ya hawo, na nuna masa gadon da aka ƙara wa tsawo. A nan ya tsaya ya daɗe yana kallon katakon.

Da aka gama, ya same ni a kicin babu kowa, babu komai sai famfo. Rigarsa sharkaf. Ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Ki yafe min." Idonsa ya kawo ruwa, irin na lokacin da yake ƙarami. Ba zan ɓoye miki ba, tausayinsa ya kama ni. Saura kaɗan in ce na yafe.

Na ce masa ba ni ya zaga ba, kuma ba a kicin ya yi zagin ba. Inda ya tsaya ya kira mijina kaya a bayansa, gaban makirfo, duniya tana ji, can zai koma ya faɗi wanda ya kawo shi da wanda ya sha duka dominsa. Ya ce dillali ba zai so a tayar da zancen ba, yanzu da abubuwa suka fara kyau. Na ce to, shi da dillali. Na tara hannu a famfo na wanke fuskata, na ce ya ja ƙofa in zai fita.

Kyaftin ya raka shi har mota, sun daɗe a tsaye. Na leƙa ta taga na ga yana nuna masa yadda zai riƙa kare haƙarƙarinsa in an taso masa. Wannan mutum, Inna, ban san da me aka yi shi ba.

Filinsu na nan rufinsa yoyo yake, in ana ruwa sai an jera bokitai a gefe. Yaran suna ce masa Baba, suna rububin ɗaukar masa jaka. Sun ci wasansu na farko da shi, 'yan kallo ba su cika benci uku ba, ya dawo yana waƙa a matakala. Ni har yau ban sami aiki ba, kuma har yau in na tuna ledar nan sai abinci ya fita raina.

Tashar da ke nuna wasanninsu Auta ba ta kamawa a nan. Ke tana kama miki. Don haka ga aikin da zan ba ki. In an tashi wasa kada ki kashe, ki ƙara murya, ki matso da kunnen mai kyau, ki sa Gwaggo ta taya ki ji. Ranar da ya faɗa, ki rubuto min kalma da kalma, ni da kaina zan kira shi. Kafin nan ki rubuto min labarin jikinki, da na maƙwabta, da na sabon gida in kin tare. Sunansa kawai ki bar shi a wajenki.

Kyaftin yana gaishe ki da kyau. Takwararki ta ce ki ajiye mata ɗaki.

'Yarki mai ƙaunarki,
Babba