Tandar da Baffa ya kifar

Inna,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki, ya mutanen Zaitawa? Ina Manchester lafiya lau, ina juya waina a wani gidan abinci yadda kika koya mini. Mai ya ɗan ƙona ni, amma ba komai.

Duk wainar da na juya sai na tuna ranar da Baffa Muttaka ya sa ƙafa ya kifar miki da tanda, wai kina zubar masa da mutunci. Yau shi ke roƙon in kawo ɗansa Umair nan! Ya sayo sabuwar tanda tukuna, ya ɗauko ta a ka da rana tsaka, ya dire a gabanki. Sannan in ce masa a'a.

Allah ya bar mini ke.

'Yarki, Kulu